'Ya'yan Dashe Da Karatu: Abin Da Bincike Ya Gano, Da Abin Da Ke Jiran Su A Batsari Da Safana

A bakin Bahaushen yau, kalmar kwalba tana da ma'ana biyu idan ana zancen jarirai. Akwai kwalbar da ake jingina wa yaron da aka samu cikinsa ta hanyar dashen ƙwan haihuwa, a ce da shi ɗan kwalba, galibi cikin raɗa da taɓe baki. Akwai kuma kwalbar asibiti, akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake kwantar da bakwaini a ciki har ya yi ƙwari. Ta farkon ita ake tsoro. Ta biyun ita ce wadda rashinta ke kashe jarirai, ko ya bar su da tabon da zai bi su har cikin aji, amma ba kasafai ake jin sunanta a bakin masu tsegumi ba, balle a bakin masu neman ƙuri'a.

Tambayar da ke hana ma'aurata da yawa barci kafin su sayar da gona ko shanu su nufi birni ita ce: yaron da aka samu ta wannan hanya zai yi hankali kamar sauran yara? Zai ɗauki karatu? Ba zai taso da wata baƙuwar ɗabi'a ba? Tambaya ce mai nauyi a ko'ina, amma nauyinta ya fi yawa a Jihar Katsina. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a matsakaici mace a Katsina tana haihuwar yara 7.3 a rayuwarta, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya. A inda gidaje suka cika da yara haka, matar da ta shekara biyar ba ɓatan wata ba ta da wurin ɓuya. Gorin dangin miji yana jiran ta, zancen kishiya yana jiran ta, sunan juya kuma yana iya manne mata ko da matsalar daga wajen mijin take, abin da likitoci suka ce yana da hannu a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Afrilun 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta a wannan fanni ɗan kaɗan ne.

Kwana nawa yaro ke yi a cikin "kwalbar"?

Sunan ɗan kwalba ya jawo rashin fahimta mai yawa, har wasu na zaton a cikin gilashi ake rainon cikin wata tara. Abin da ake yi ya fi haka sauƙin bayani. Ana yi wa mace allurai na kwana goma zuwa mako biyu domin ƙwayayenta su nuna da yawa a lokaci guda. Likita ya zaro su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyin mijinta a wani ɗan faranti a ɗakin gwaji. Bayan kwana 3 zuwa 5, idan tayi ya ƙullu, a mayar da shi cikin mahaifar matar. Daga nan ciki ne kamar kowane ciki, da laulayinsa da nauyinsa da naƙudarsa. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira IVF. Idan maniyyin miji ya yi rauni ƙwarai, akwai wata dabara mai suna ICSI, wadda aka fara samun nasararta a birnin Brussels na Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a cusa ta kai tsaye cikin ƙwan mace.

Wadda aka fara haifa ta hanyar dashe a duniya, Louise Brown, ta zo duniya ranar 25 ga Yuli, 1978, a garin Oldham na Ingila, sakamakon aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. Ta girma, ta yi aure, ta haifi ɗanta na fari a 2006 ba tare da wani dashe ba. Edwards ya samu lambar Nobel a 2010. Zuwa 2018, ƙungiyar masana haihuwa ta Turai ta ƙiyasta cewa yaran da aka haifa ta wannan hanya sun haura miliyan 8. A Najeriya, Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ne suka fara aikin tun shekarun 1980, sannan a ranar 11 ga Fabrairu, 1998, aka haifi Hannatu Kupchi a asibitin Nisa Premier da ke Abuja a hannun Dokta Ibrahim Wada. A 2015 jaridu suka ɗauki labarin cewa ta samu gurbin karatun likitanci a wata jami'a ta ƙasar Hungari.

Ta fuskar addini ma maganar ta daɗe da fita daga duhu. Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jad al-Haq Ali Jad al-Haq, ya ba da fatawar halasci a 1980, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi matsaya makamanciyar wannan a zamanta na birnin Amman a 1986: ya halasta idan ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, aurensu yana nan, kuma a cikin mahaifarta za a dasa. Shigar mutum na uku ne aka hana.

Labarin Hannatu yana da daɗin ji, amma mutum ɗaya ba ya zama hujja. Hujjar tana cikin kundayen ƙasashen da ke rubuta kowace haihuwa, su kuma bi yaro da alƙalami har ya gama makaranta.

Abin da manyan bincike suka gano

Ƙasashen arewacin Turai sun fi kowa wannan aiki, domin kowane ɗan ƙasa yana da lamba guda da ke haɗa takardar haihuwarsa da katin asibitinsa da sakamakon jarrabawarsa. A 2013 mujallar likitanci ta JAMA ta wallafa binciken da Sven Sandin da abokan aikinsa suka yi a kan yara miliyan 2.5 da aka haifa a Suwidin tsakanin 1982 da 2007, kusan 31,000 daga cikinsu ta hanyar dashe. Ba su ga ƙarin haɗarin galahanga, lalurar da likitoci ke kira otizim, a tsakanin 'ya'yan dashe gaba ɗayansu ba. Sun ga ɗan ƙarin haɗarin raunin fahimta, amma da suka ware tagwaye da 'yan uku suka duba waɗanda aka haifa su kaɗai, sai ƙarin ya daina zama abin dogaro a lissafi. Sun kuma lura da ɗan ƙarin haɗari a wasu nau'o'in ICSI da ake yi saboda tsananin matsalar namiji, ko da yake yaran da abin ya shafa 'yan ƙalilan ne.

A shekarar dai, mujallar BMJ ta fitar da wani bincike daga Denmak, wanda ya kwatanta yara sama da 33,000 da aka samu bayan jinyar rashin haihuwa da sama da rabin miliyan da aka samu ba tare da ita ba. A tsakanin 'ya'yan IVF da ICSI, ba a ga wani ƙarin lalurar ƙwaƙwalwa ko ta ɗabi'a na a-zo-a-gani ba. Abin mamaki, inda aka ga ɗan ƙari shi ne wajen yaran da iyayensu mata suka sha maganin nunar da ƙwai kawai, hanyar da kowa ke ɗauka ita ce mafi sauƙi. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Batun karatu ya fi ban sha'awa. Anna Barbuscia da Melinda Mills na Jami'ar Oxford sun bi sawun yaran Birtaniya da aka haifa a farkon wannan ƙarni, suka wallafa sakamakonsu a 2017. A shekara 3 da shekara 5, 'ya'yan dashe sun fi takwarorinsu maki a gwajin harshe da fahimta. Kafin su kai shekara 11, tazarar ta rufe. Dalilin fifikon farkon bai da alaƙa da faranti ko allura. Iyayen da ke iya kaiwa ga wannan jinya galibi sun fi shekaru, sun fi ilimi, sun fi abin hannu, kuma sun daɗe suna jiran yaron. A Denmak da Suwidin, da aka duba jarrabawar kammala aji tara, an ga abu mai kama da haka: idan aka ɗauki maki yadda yake, 'ya'yan dashe ne a gaba; idan aka daidaita lissafin da ilimi da shekarun iyaye, sai su dawo daidai ko su gaza da ɗan abin da malami ba zai iya gani a cikin aji ba. A watan Janairun 2023, masu bincike daga Jami'ar Melbourne sun wallafa nazarin yara sama da 400,000 na jihar Victoria ta Ostireliya, kimanin 11,000 daga cikinsu 'ya'yan dashe, kuma ba su ga bambanci ba, ko a shirin shiga firamare ko a jarrabawar karatu da lissafi ta ƙasa.

Akwai wani bincike daga lardin Ontario na Kanada, shi ma na 2023, da ya warware wani ƙulli. An duba yara sama da miliyan 1.3, aka ga ɗan ƙarin galahanga a tsakanin 'ya'yan iyayen da suka yi fama da rashin haihuwa. Sai dai ƙarin kusan ɗaya ne ga waɗanda aka yi wa dashe, da waɗanda suka sha magani kawai, da waɗanda daga baya Allah ya ba su cikin ba tare da wata jinya ba. Ma'ana, abin da ya jinkirta haihuwar tun farko, kamar shekarun iyaye da lalurorin jikinsu, shi ke ɗauke da kaso mai yawa na haɗarin. Wani kason kuma ya biyo ta hanyar cikin tagwaye da haihuwar bakwaini.

Ta ɓangaren ɗabi'a da zaman gida, Farfesa Susan Golombok ta shafe shekaru tun daga 1990 tana bin iyalan da suka samu yara ta wannan hanya a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, daga ƙuruciya har balaga. Ta same su cikin ƙoshin lafiyar tunani kamar sauran yara, iyayensu kuma sun fi nuna musu kulawa a shekarun farko.

Ba a ce babu haɗari ko kaɗan ba. Akwai wasu lalurorin gado da ba a cika gani ba waɗanda suka ɗan fi bayyana a 'ya'yan dashe, kuma ƙarin nakasar da ake haihuwar yaro da ita, ko da kaɗan ne, an tabbatar da shi. Amma jimillar abin da shekara arba'in na bincike suka nuna ita ce, mafi yawan waɗannan yara suna tasowa, su yi karatu, su yi ƙiriniya, su shirya, kamar 'ya'yan maƙwabta.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya karanta waɗannan bincike da natsuwa zai ga kalmomi biyu suna ta maimaituwa: tagwaye da bakwaini. Mahaifar mace an yi ta ne domin ɗa guda a lokaci guda. Idan suka zama biyu, fiye da rabinsu kan fito kafin mako 37. Idan uku ne, kusan dukkansu. Cikin tagwaye yana ƙara wa uwa haɗarin hawan jini da jijjiga da zubar jini bayan haihuwa. Shi kuwa jaririn da ya fito da wuri, huhunsa bai gama ƙwari ba, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa sirara ne, jikinsa ba ya riƙe ɗumi, sukarin jininsa na saurin faɗuwa. A nan ne ake samun raunin da ke zama shanyewar gaɓoɓi, ko kurumta, ko jinkirin magana, ko wahalar ɗaukar karatu bayan shekara shida ko bakwai.

Tagwayen dashe kuwa likita ne ke yanke shawarar samuwarsu, a ranar da ya zaɓi yawan tayin da zai mayar cikin mahaifa. Turawa sun gane haka da wuri. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai, wanda Ann Thurin da abokanta suka wallafa a 2004, ya kwatanta hanyoyi biyu a kan mata 'yan ƙasa da shekara 36. Waɗanda aka dasa wa tayi biyu a lokaci guda, kusan kashi 43 cikin 100 sun haihu, amma kashi ɗaya cikin uku na haihuwar tagwaye ne. Waɗanda aka dasa wa guda, aka daskarar da na biyu don a dasa daga baya idan na farko bai zauna ba, kusan kashi 39 sun haihu, tagwaye kuma ba su kai kashi 1 ba. Suwidin ta mayar da dasa guda ya zama ƙa'ida tun 2003. A Birtaniya, inda hukumar HFEA ke sa ido kan asibitocin haihuwa tun 1991, haihuwar tagwaye ta hanyar dashe ta sauko daga kusan kashi 28 a shekarun 1990 zuwa ƙasa da kashi 5 a 'yan shekarun nan.

A Afirka ba haka abin yake ba. Rahotannin ANARA, kundin da ke tattara bayanan asibitocin dashe na nahiyar bisa raɗin kansu, sun nuna cewa dasa biyu ko fiye shi ne abin da aka saba. Dalilin ba boyayye ba ne. Zagaye guda na dashe a Najeriya yana cin miliyoyin naira, kuma kusan kowa daga aljihunsa yake biya. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko da bai taɓa ko sisi ba tsawon shekara, abin da zai tara naira 840,000 ne, bai kai ba. Mutumin da ya sayar da gonar gado don zagaye ɗaya ba zai so jin zancen a dasa guda a ajiye saura ba. Daskarar da tayi ma kuɗi ne na daban. Su kuma asibitoci suna gasa ne da yawan cikin da ya shiga, domin shi ake tallatawa. Ƙari a kan haka, al'ada tana murna da tagwaye: Hassan da Husaini, Hassana da Usaina, ga Gambo na biye. Wa zai ce wa matar da ta shekara goma tana jira kada ta so biyu?

Amma alƙaluman ba su da tausayi. Christiaan Monden da Jeroen Smits sun wallafa a 2017 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ɗaya cikin kowane tagwaye biyar yana mutuwa kafin ya cika shekara 5, ninki uku na yaran da aka haifa su kaɗai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 a kan bakwaini ya sa Najeriya ta uku a duniya, bayan Indiya da Pakistan, da haihuwar bakwaini sama da 770,000 a shekarar 2020 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin jariran da aka haifa kafin mako 28, sama da kashi 90 ke mutuwa a ƙasashe matalauta, alhali a ƙasashe masu arziki ba su kai kashi 10 ba.

Hanyar komawa gida

Duk binciken nan masu kwantar da hankali an yi su ne a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa cikin mintuna, wutar lantarki ba ta ɗaukewa a ɗakin jarirai, kowane yaro kuma yana da kujera a aji. Sakamakon yana tafe ne da waɗannan abubuwa. Matar da aka yi wa dashe a Abuja ko Kano, idan ta hau mota ta dawo Batsari, cikin kawai take dawowa da shi.

A ɗauki misali. Mace ce daga wani ƙauye a yankin Ruma ko Runka, an dasa mata uku, biyu suka zauna. A wata na bakwai, da tsakar dare, faya ta fashe. Abin da zai raba yaran nan da raunin ƙwaƙwalwa sananne ne, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin dashen: allurar da ake yi wa uwa don huhun jariri ya yi ƙwari kafin ya fito, ma'aikaciyar da ta iya farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba a mintin farko, iskar oksijin, ɗumi, da fitilar da ake gasa mai shawara. Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma su ne zangon farko, amma bakwainin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai sai an dangana da shi birnin Katsina, ga sassan jarirai na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Asibitin Turai 'Yar'aduwa. Tsakanin ƙauyen da waɗannan wurare akwai dare, akwai kuma hanyar da mutanen yankin suka san abin da ake gamuwa da shi a kanta.

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, wanda ya haɗa Katsina da Zamfara, kuma sun fi shekara goma suna ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a dare guda. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyun, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Matakin na tsaro ne, amma tsawon watannin da ya ɗauka, mai naƙuda ba ta da hanyar kiran mota, babur ɗin da aka saba ɗaukar mara lafiya a kai kuma ya zama abin tuhuma. An samu sauƙi a wasu wurare bayan da wasu jagororin 'yan bindiga suka ajiye makamai a Batsari a watan Janairun 2025, sai dai ɗakin shan maganin da aka rufe da ma'aikacin da ya nemi canjin wurin aiki ba sa dawowa a ranar da aka yi sulhu.

Shawarar jarirai ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana cikin manyan abubuwan da ke nakasa ƙwaƙwalwar yara a Najeriya, kuma bakwaini ya fi saurin kamuwa. Idan idon jariri da fatarsa suka yi ɗorawa a kwanakin farko, sinadarin da ke taruwa a jininsa na iya haurawa ƙwaƙwalwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Jiƙe-jiƙe ba sa saukar da shi, ƙwallon kafur da ake sa wa a cikin kayan jariri kuma yana iya ƙara rura shi ga yaran da ke da wani raunin jini na gado wanda ya yawaita a ƙasar nan. Yaron da ya tsira daga mummunar shawara yana iya tashi ba ya ji sosai, ko wuyansa bai tsaya ba. Bayan shekaru, idan ɗan dashe ne, za a ce ai dama ɗan kwalba ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Daga nan sai abinci. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara 5 a Katsina sun tsumbure, alhali matsakaicin ƙasa kashi 37 ne. A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon shekarar. Ƙwaƙwalwa tana gina mafi yawan kanta ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, kuma uwar da aka raba da gonarta tana shayar da biyu da nonon da ko ɗaya bai isa ba. Sai makaranta. Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, an rufe makarantu da dama a ƙananan hukumomin da ke bakin daji na lokuta daban-daban, wasu azuzuwan kuma suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Bambancin makin da masu bincike a Denmak ke ta auna shi da kyar, bai kai ko kusa da abin da zango guda na rufe makaranta ke yi wa yaro ba.

Jinyar da ta fi kusa: ƙwayar kemis

Gaskiyar magana, 'yan ƙalilan ne daga Batsari ko Safana za su taɓa ganin ƙofar asibitin dashe. Jinyar rashin haihuwar da akasarin mata ke kaiwa gare ta ita ce ta mai maganin gargajiya, sai kuma ƙwayar nunar da ƙwai, musamman Clomid, wadda ake samu a kemis da kuɗi kaɗan, sau da yawa ba tare da takardar likita ba. Magani ne na gaske, yana kuma aiki ga macen da matsalarta rashin fitar ƙwai ce. Ba ya buɗe bututun mahaifar da ya toshe sakamakon ciwon sanyi ko cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari, kuma wannan toshewa na cikin manyan dalilan rashin haihuwa a wannan yanki na duniya. Ba ya kuma gyara maniyyin mijin da ya ƙi zuwa gwaji. Abin da yake yi tabbas shi ne ƙara yiwuwar tagwaye zuwa tsakanin kashi 5 da 10 cikin 100 na cikin da ya shiga. Shi ya sa a asibiti ake bin mai shan sa da hoton ciki, ake kuma ƙayyade watannin da za ta sha. Wadda ta saya a kemis, ta ninka adadin bisa shawarar ƙawa, ba ta san tagwaye take ɗauke da su ba sai ranar da naƙuda ta zo kafin lokaci.

Wa ke ƙirga su?

Har yau Najeriya ba ta da wata dokar tarayya ta musamman da ta tsara aikin dashen ƙwan haihuwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta taɓo wasu ɓangarori, kamar hana kwafar halittar ɗan Adam, amma ba ta ce ga iyakar tayin da za a dasa ba, ba ta kuma wajabta wa asibiti ya kai rahoton yadda cikin ya ƙare ba. An gabatar da ƙudirori a Majalisar Tarayya ba su kai ga zama doka ba. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019, ƙungiyar likitocin fannin, AFRH, ita ma tana da nata, amma ƙa'idar ƙungiya ba ta kama wanda ba ɗan ƙungiya ba. Saboda haka asibiti na iya ƙirga gwajin cikin da ya nuna alama a matsayin nasara, ya sa a allon talla, alhali matar ta koma ƙauye ta haifi bakwaini biyu a wata na bakwai, ɗaya ya koma, ɗaya ya rayu da rauni, kuma babu kundin da zai haɗa farkon labarin da ƙarshensa.

Kafin a samu dokar, abin da ya rage a hannun ma'aurata shi ne tambaya, kuma suna da haƙƙin yin ta tunda kuɗinsu ne da jikinsu. Guda nawa za a dasa, kuma me ya sa? Nawa ne kuɗin daskarar da sauran? A cikin matan da aka yi wa aikin a nan, nawa ne suka koma gida da jariri a hannu, kuma nawa ne daga cikinsu tagwaye? Idan ciki ya zauna, a wane asibiti za a yi awo, kuma daga wane wata ya kamata matar ta bar ƙauye ta tare kusa da inda akwai ɗakin tiyata da jini da sashen jarirai? Ga bakwainin da ya riga ya iso, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa a ɗora shi tsirara a ƙirjin uwarsa nan take, a ɗaure su tare da zani sa'o'i masu yawa a kowace rana, ko da akwai kwalba a kusa. Dabarar ta fito ne daga birnin Bogota na Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kwalaben wani asibiti suka kasa wadatar jariran da ke cikinsa, kuma uba ko kaka ma na iya karɓar uwar idan ta gaji.